DAREN KALLON TAURARI A LAKWAL: A ZAƁI DARE KAFIN A KIRA GARI

A garuruwa da yawa akwai tsoho ko tsohuwa da za su ɗaga kai da dare, su dubi sama, su faɗi ko lokacin shibka ya kusa. A rugage akwai makiyayin da ke gane gabas da arewa cikin duhu, babu fitila, babu mai nuna masa hanya. Ba a littafi suka karanta ba. Sun gada ne daga iyaye, a bakin rumbu da bayan garke.

Masu wannan sani suna raguwa. Yaron yau ya san lambar waya da ka, amma bai san sunan tauraro uku ba. In tsoho ya rasu bai koya ma kowa ba, saninsa ya bi shi.

Akwai magani mai arha. Lakwal tana iya ware wasu darare cikin shekara, ta tara ƴan makaranta da iyayensu da dattawan gari a fili, a kalli sama tare. Tsoho ya faɗi abin da ya gada, malamin lakwal ya faɗi abin da ya karanta, yara su rubuta. Ba a bukatar kuɗi. Tabarma da ido sun isa.

Amma ba kowane dare ne ke yi ba. Malamin da ya tara mutane daren 14 ga wata don su ga taurari, farin wata kaɗai za su gani. Wanda ya tara su daren buji, ƙura za su sha su koma gida. In aka yi haka sau biyu, ba wanda zai amsa kira na uku. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Don haka zaɓen dare shi ne rabin aikin.

MI YA HAƊA MANOMI DA TAURARO?

Shekarar wata kwana 354 ce. Shekarar rana kwana 365 ce. Bambancin kwana 11 ne. Shi ya sa azumi yake zagayawa: wani lokaci cikin ɗari, wani lokaci cikin damina. Sai bayan kamar shekara 33 yake komowa inda ya tashi. Wata yana da amfani wajen ibada, amma ba ya tafiya tare da damina.

Taurari su ne ke tafiya tare da damina. Kowane dare tauraro yana fitowa da wuri da minti 4 bisa ga daren jiya. Cikin wata guda, awa 2 ke nan. Cikin shekara guda ya zagaye, ya koma inda yake. Tauraron da aka gani a gabas bayan isha'i lokacin girbin bana, nan za a same shi lokacin girbin baɗi.

Malaman hisabi sun daɗe da sanin haka. Suna lissafi da taurari 28. Kowane ɗaya yana da kwana 13, ɗaya daga ciki yana da 14. In an haɗa, kwana 365 ke nan. Sun raba su bakwai-bakwai ga bazara, damina, kaka da ɗari. Wajen damina ake jin sunaye irin su Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa da Jabaha.

Wanda kowa ya fi sani shi ne Kaza da ƴaƴanta, ɗan curin taurarin nan da ke manne da juna. Malamai suna ce mata Surayya. Fulani suna ce mata Daccuki. Abzinawa suna ce mata Shat Ahad, wato ƴan matan dare. Cikin Nuwamba, Kaza tana fitowa a gabas da faɗuwar rana. Cikin Janairu tana bisa kai bayan isha'i. Ƙarshen Afrilu tana ƙasa-ƙasa a yamma, tana faɗuwa jim kaɗan bayan magariba. Cikin Mayu ta ɓace. Sai wajen tsakiyar Yuni take sake leƙowa a gabas kafin gari ya waye.

Ba wani wuri ta tafi ba. Duniya ce ke zagaya rana. Cikin Mayu rana tana shiga tsakanin mutane da Kaza, haskenta ya rufe ta. Da duniya ta ƙara gaba, Kaza ta sake bayyana.

TAURARO KALANDA NE, BA HADARI BA NE

Nan ne inda ya kamata sanin tsoho da na lakwal su haɗu. Ɓacewar Kaza da dawowarta suna zuwa daidai da ƙarshen bazara da farkon damina. Wannan gaskiya ne. Amma tauraro ba ya kawo ruwa. Lokaci kawai yake nunawa.

Ga shaida. Mutumin Gaya da mutumin Tanut suna ganin dawowar Kaza kusan lokaci guda. Amma a Gaya damina kan zauna tun cikin Mayu, a Tanut kuwa sau da yawa sai cikin Yuli. A 1973 da 1984, shekarun babban fari, Kaza ta ɓace kuma ta dawo a kan lokacinta, ruwa ne bai wadata ba.

Abin da ke cin manomi shi ne ruwan yaudara. Hadari ya taso cikin Mayu, ya zuba kaɗan, mutane su ɗauki sungumi. Hatsi ya tsiro, sama ta ɗauke mako uku, tsiro ya ƙone. Iri ya tafi. Wanda ba shi da wata tiya a ɓoye, sai rance ko sayen iri da tsada.

A 1988 wani mai bincike na tashar Sadore, kudu da Yamai, ya fitar da wata ƙa'ida ta gane farkon damina. Daga 1 ga Mayu, in an samu ruwa milimita 20 cikin kwana 3 a jere, kuma cikin kwana 30 da suka biyo baya ba a yi fiye da kwana 7 a jere babu ruwa ba, to damina ta fara. Milimita 20 na nufin lita 20 a kan kowane fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Sharaɗi na farko ana ganinsa a ma'aunin ruwan sama. Na biyu kuwa sai bayan ya wuce ake saninsa. Shi ya sa mai hankali ba ya zuba irinsa duka a ruwan farko.

Tauraro yana cewa lokaci ya yi ko bai yi ba. Ma'aunin ruwa da laimar ƙasa suna cewa ruwan ya isa ko bai isa ba. Rediyo kuma yana kawo hasashen damina daga ma'aikatar yanayi ta ƙasa da cibiyar Agrimet ta Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari. Yaron da ya riƙe ukun nan ya fi wanda ya riƙe ɗaya. Wannan shi ne babban amfanin daren kallon taurari.

A FARA DUBA WATA

Kafin a sa rana, a tambayi liman ko yau nawa ga wata. Kowane dare wata yana makara da kamar minti 50. Daga nan ake gane daren da ya dace.

Daren 1 zuwa 3: jinjirin wata yana faɗuwa da wuri. Bayan isha'i sama ta yi duhu. Dare ne mai kyau na taurari.

Daren 6 zuwa 8: wata ya kai rabi, yana sama tun magariba, yana faɗuwa wajen tsakar dare. Wannan shi ne daren kallon wata kansa. Hasken rana yana bugunsa ta gefe, duwatsu da ramukan da ke bisansa suna yin inuwa, ana ganinsu sosai da madubin hangen nesa.

Daren 11 zuwa 16: farin wata ya cika fili. Daren wasa ne a dandali da gatana. Ƙananan taurari duk sun ɓuya. Kada a kira taro.

Daren 19 zuwa ƙarshen wata: wata ba ya fitowa sai dare ya yi nisa. Tsakanin isha'i da lokacin kwanciya sama baƙa ce wuluk. Waɗannan su ne darare mafi kyau ga mai son ganin Kaza da sauran taurari, da farar hanyar nan mai kama da hayaƙi da ke ratsa sama.

Wato cikin kowane wata akwai kamar kwana 14 na duhu da kwana 3 na kallon wata. Cikinsu ake zaɓe.

A DUBA LOKACIN SHEKARA

Damina ba lokacin taro ba ne. Akwai gajimare, akwai sauro, lakwal tana hutu, kowa ya gaji da noma. Wanda ya wuni yana duƙe a gona ba ya son a ce masa ya ɗaga kai da dare.

Kaka ta fi kowane lokaci. Ruwa ya wanke ƙura, sama tana da tsabta, sanyi bai tsananta ba. An koma lakwal cikin Oktoba. Amma a jira a kai damman hatsi rumbu, a rage aikin wake da gujiya. Ƙarshen Oktoba da Nuwamba sun dace.

Cikin ɗari, daga Disamba zuwa Fabrairu, taurari mafi haske suna sama. Matsalar ita ce buji. Yana iya rufe sama kwana biyu ko uku, har rana ta zama kamar faifai. Ba wanda zai iya faɗin ranarsa tun wata guda. Saboda haka kowane dare da aka sa, a sa masa na biyu a ajiye. A sanar da su tare: in an yi buji ranar farko, a haɗu rana ta biyu. Da la'asar malami ya dubi sama. In ba a ganin itatuwan bakin gari sosai, a sa mai shela ya faɗa ma mutane an ɗaga.

Cikin bazara, Maris da Afrilu, mutane suna kwana waje saboda zafi, taro ba ya wuya. Amma kada a kai ƙarshen Mayu. Iska da hadari sun fara, manyan ƴan makaranta suna shirin jarrabawa, manoma suna sharar gona.

A DUBA KASUWA DA MASALLACI

Sama tana iya yin kyau, gari kuma ba shi da sukuni. Kada a sa taro ranar kasuwar gari, ko ranar babbar kasuwar da mutanen gari ke ci. Suna dawowa da dare, a gajiye. Kada a sa shi cikin azumi, lokacin da ake buɗa baki da asham. Tunda azumi yana matsowa da kwana 11 kowace shekara, a sake duba tsarin duk shekara. A tambaya ko akwai biki ko suna ko zaman makoki. A zaɓi daren da washegari babu karatu, don kada yara su yi gyangyaɗi a aji.

Akwai wani tarko wajen faɗin ranar. A lissafin gari, dare yana gaban yini. Daren Juma'a shi ne wanda ke shiga da magaribar Alhamis. A lissafin kalandar lakwal kuwa, dare yana bin yininsa. Malami yana iya cewa daren Juma'a yana nufin bayan an sauko daga Juma'a, mutane su zo tun ranar Alhamis su tarar da fili babu kowa. A faɗa dalla-dalla: ranar Juma'a bayan isha'i, wato daren Asabar.

Agogo ma yana da nasa tarko. Nijar duka agogo ɗaya take bi, amma ƙasar tana da faɗi. Rana tana faɗuwa a Damagaram kusan rabin awa kafin ta faɗi a Yamai. A Difa bambancin ya kai minti 40. Ƙarfe 7 na dare a gabas duhu ne, a yamma kuwa wani lokaci da sauran ja a sama. Bayan faɗuwar rana sai an yi fiye da awa guda kafin duhu ya kammala. Sallar isha'i tana zuwa daidai nan a ko'ina. A ce bayan isha'i, kowa ya gane, kuma ba kuskure.

DARE HUƊU DA ASUBA ƊAYA

Ba sai an yi taro kowane mako ba. Abin da ya yi yawa yana gundura. Dare huɗu da asuba ɗaya sun isa shekara. Diraktan lakwal da kwamitin iyaye da maigari da liman su zauna tun farkon Oktoba su tsara su, a rubuta a bangon aji.

Na ɗaya, ƙarshen Oktoba ko Nuwamba, daren 6 zuwa 8 ga wata. A fara da wata, domin kowa ya san shi kuma haskensa yana sa iyaye su saki jiki. Kafin a tashi, a juya gabas a nemi Kaza.

Na biyu, 13 ko 14 ga Disamba. Kowace shekara a waɗannan darare taurari masu gudu suna yawaita. In wata bai yi haske ba, mai haƙuri yana iya ƙirga goma-goma cikin awa guda, kuma suna ƙaruwa in dare ya yi nisa. In ranakun sun faɗa cikin farin wata, a bar su, a ɗauki daren duhu mafi kusa a kalli Kaza.

Na uku, Janairu ko Fabrairu, daren duhu. Wannan daren Amanar ne. Haka Abzinawa ke kiransa, ma'anarsa ja-gora. Ana gane shi da taurari 3 da suka jeru kamar an ja layi, wasu 4 masu haske sun kewaye su. Jerin nan yana fitowa daidai gabas, yana faɗuwa daidai yamma. In aka bi layinsa ta gefe ɗaya, a iske Shi'ira, wanda ya fi kowane tauraro na dare haske. In aka bi ta ɗaya gefen, a iske Dabaran mai ja-ja, a gabansa kuma Kaza. Can ƙasa wajen kudu akwai Suhailu. Ranar nan a nemi wanda ya taɓa bin ayarin gishiri daga Agadas zuwa Fashi da Bilma, in akwai shi kusa. Ayarin yana ratsa Tenere kwana da kwanaki, inda babu icce babu dutse. Madugu da rana da taurari yake aiki.

Na huɗu, cikin Afrilu, daren duhu, da wuri. A yi ban kwana da Kaza a yamma. Sannan a juya arewa. Akwai taurari 7 masu kama da ludayi: 4 kai, 3 mariƙi. Abzinawa suna ce masu Talamt, wato taguwa. Biyun da ke bakin ludayin suna nuna tauraron arewa. Ba shi da haske sosai, amma shi kaɗai ne ba ya barin wurinsa, dare duka, shekara duka. A Maraɗi da Damagaram yana ƙasa-ƙasa: in an miƙe hannu, tsayinsa daga ƙasa ya ɗara dunƙulen hannu ɗaya kaɗan. A Agadas ya fi haka tsayi. Yaron da ya san shi ba ya rasa arewa. A wannan dare ne ya kamata a kira malamin gona, a yi maganar iri da binne da ruwan yaudara.

Asubar kuwa ta Yuni ce, kuma ba taro ba ne. Aiki ne da ake ba manyan ƴan makaranta, musamman ƴaƴan makiyaya masu tashi da wuri. Kowace asuba su dubi gabas kafin gari ya yi haske. Ranar da suka fara ganin Kaza, su rubuta. Su rubuta kuma ranar ruwan farko, da ranar da aka yi shibka, da ko shibkar ta kama. A ajiye littafin a lakwal. Bayan shekara 10 garin yana da nasa tarihin damina, wanda ba a saya ba, ba a ara ba.

YADDA DAREN ZAI GUDANA

A zaɓi fili a gefen gari, nesa da fitilun kasuwa da na masu shayi, inda itatuwa ba su tare gabas da yamma ba. A share shi tun da rana saboda kunama da maciji. Kowa ya zo da takalmi, cikin ɗari kuma da bargo.

Ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu. Tocila ɗaya ko hasken waya ɗaya yana ɓata wannan nan take. A kashe su duka. Mai rubutu ya ɗaure jan ƙyalle a bakin tocilarsa, domin jan haske ba ya ɓata ido sosai. In za a hura wuta saboda sanyi, a hura ta bayan katanga.

Minti 20 na farko ba asara ba ne. Lokacin dattawa ne. A ba su magana kafin malami. Tsoho ya nuna da sandarsa, ya faɗi suna, ya faɗi abin da mahaifinsa ya gaya masa. Tsohuwa ma ta faɗi nata, domin mata masu tashi daka da asuba sun san taurarin wannan lokaci. In akwai Bafulatani ko Ba'abzine ko Bazabarme ko Babarbare, kowa ya faɗi sunan da yarensa. Da tsohuwar zuma ake magani. Bayan haka malami ya kawo nasa bayani. Kada ya ƙaryata dattijo gaban jikokinsa. In akwai saɓani, a bar sama ta raba gardama: a sa rana a sake dubawa.

Kada a bar ƴan mata a gida. Hanya mafi sauƙi ita ce a gayyaci uwaye, kowace ta zo da ɗiyarta, su zauna gefe guda. Yaran ƙauyuka da rugage na nesa su zo da babba, su koma da babba. Daren duhu ya fi kyau ga taurari, amma ya fi wuya ga mai tafiya. In hanyarsu tana da nisa, a nema masu masauki cikin gari. Taron kada ya wuce awa ɗaya da rabi. Gara a tashi yara suna son ƙari.

In wani ma'aikaci yana da madubin hangen nesa mai ido biyu, a aro. A jera yara, ƙanana a gaba. A dafa madubin bisa katanga ko turmi don kada hannu ya yi rawa. Da ido ana ganin ƴaƴan Kaza 6 ko 7. Da madubi ana ganin gommai. Masana sun ƙirga fiye da 1,000. Gani ya kori ji.

TAMBAYOYIN DA YARA ZA SU YI

Za su tambayi Zara, matar wata, mai haske a yamma bayan magariba. Za su tambayi Gamzaki, mai fitowa da asuba. Amsar tana ba manya ma mamaki: abu ɗaya ne. Malamai suna ce mata Zahara. Duniya ce kamar wannan, tana zagaya rana. Tana yin kamar wata 8 a yamma, ta ɓace, ta yi kamar wata 8 a gabas. Zagayen duka kwana 584 ne. Shi ya sa ba a taɓa ganin Zara da magariba a kuma ga Gamzaki da asuba watanni a jere. Ba ta bin kalandar Kaza, don haka ba a lissafin shibka da ita.

Za su tambayi babban tauraron da ba ya ƙyaftawa. Wataƙila Mushtari ne. Da madubi ana iya ganin ƙananan ɗigo har 4 a gefensa. Watanninsa ne. Galileyo, mutumin Italiya, ya gan su a 1610.

Za su tambayi tauraro mai gudu. Ba tauraro ba ne. Ƴar tsakuwa ce, sau da yawa ba ta fi ƙwayar hatsi ba. Tana shigowa iskar duniya da gudu mai tsanani, ta ƙone a sama, kamar kilomita 100 daga ƙasa. Wanda ke tafiya a hankali kuma, ba ya ƙonewa, tauraron ɗan Adam ne. Mutane suka harba shi. Irinsu ne ke ɗauko hoton gajimaren da ake hasashen ruwa da shi.

Za su tambayi nisa. Wata yana nesa da kilomita 384,000, kuma mutane sun taka shi a 1969. Rana tana nesa da kilomita miliyan 150, haskenta yana yin minti 8 a hanya. Hasken Shi'ira yana yin fiye da shekara 8. Hasken Kaza da ake gani yau ya taso fiye da shekara 400 da suka wuce.

Za su tambayi husufi. Husufin wata inuwar duniya ce ke faɗa ma wata, shi ya sa ba ya faruwa sai wata ya cika. An ga irinsa a Nijar ranar 7 ga Satumba 2025, wata ya fito ja bayan magariba. Husufin rana kuwa wata ne ke tare rana, ba ya faruwa sai ƙarshen wata. Ranar 30 ga Yuni 1973 rana ta rufe fiye da minti 7 a arewacin Nijar. Ranar 29 ga Maris 2006 wani ya shigo ta wajen Katsina, ya ratsa ƙasar zuwa Libiya. Masana suna lissafa ranakunsu tun shekaru kafin su zo. Husufin 1973 ya faɗo cikin shekarar fari, amma ba shi ya kawo farin ba. Ranar 2 ga Agusta 2027 za a yi wani babba a Libiya da Masar, a Nijar za a ga wani sashe na rana ya rufe.

A nan akwai gargaɗi. Kada kowa ya dubi rana da ido, ko da husufi ko babu. Kada a taɓa juya madubin hangen nesa wajen rana. Yana makantarwa nan take, kuma babu magani. Baƙin tabarau da kwalbar da aka shafa ma hayaƙi ba su karewa.

Dattawa da yawa suna tuna tauraruwa mai wutsiya ta 1986, wadda ake ce ma Hali. Tana zuwa duk bayan kamar shekara 76. Za ta dawo a 2061. Yaran da ke bisa tabarma yau, su ne dattawan da za su nuna ta.

BA NIJAR KAƊAI BA

Tun 2010, kowace shekara cikin Satumba ko Oktoba, akwai daren da mutane a ƙasashe da yawa ke fitowa kallon wata tare. Masu shirya shi suna zaɓen lokacin da wata ya kai rabi, saboda dalilin da aka faɗa a baya. A Senegal, a 2015, masanin taurari Maram Kaire da abokan aikinsa sun zagaya jihohin ƙasarsu da mota ɗauke da madubai, suna nuna ma ƴan makaranta da mutanen gari sama. A 2021 aka sa sunansa ga wani dutse da ke zagaya rana.

Nijar ma ta haifi irinsu. Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929. Ya zama babban masanin aiki da hasken rana. Shi ma yaron lakwal ne kafin ya zama haka.

Mutanen manyan birane suna tafiya nesa don neman duhu, saboda fitilu sun rufe masu sama. Mutumin karkara yana da ita a ƙofar gidansa, kyauta. Abin da ya rage shi ne a zauna a sa rana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Direkta ya kawo kalanda, liman ya kawo lissafin wata, maigari ya kawo ranakun kasuwa, kwamitin iyaye ya nemi dattawan da suka san sama. A yi haka tun bana, tun masu sanin suna da rai, kafin Kaza ta sake faɗuwa a yamma.